Kaset ɗin da Ya Faɗa Ruwa

Auyo, 12 ga Yuni

Zuwa ga taubashiyata Mansura,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ke da maigidanki Abdulfattah da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka, mun yi shuka a fadama, kumburin ƙafar matata Aisa ma ya sace. Yaya Bunu ne dai jiki ya ƙi. Yana can Haɗeja a gidan 'yarsa Ummi, idon ya tafi gaba ɗaya, ga tari ya zauna masa a ƙirji. Ki sa shi a addu'a.

Na san za ki yi dariya, ki ce ana zamanin waya Inuwa yana wasiƙa. To ki yi. Ni maganar da ke da nauyi ba na ba iska ajiyarta, kuma tunda Hamman direba yana zuwa Kaduna kowane mako, takarda ɗaya ba za ta karya masa mota ba.

Ina fata jakar kaset-kaset ta iso hannunki. Kamar yadda aka yanke a taron zumunci na Sallah, ke da kike aiki a ɗakin ajiyar muryoyi na gidan rediyo, ke za ki juye mana su a kwamfuta kowa ya samu a wayarsa. Akwai karatun marigayi Malam Musa guda goma sha tara, sauran kuwa na biki ne da suna. In kin ji wani yana rera waƙa kamar an taka wa akuya wuya, ba ni ba ne, wani ne mai irin muryata.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Ranar da za a ɗaure jakar ba na gida, Aisa ce ta buɗe akwatin ƙarfena ta kwashe duk abin da ta gani. A ciki akwai wani kaset da ba ya cikin lissafi. Ba rubutu a jikinsa, an ɗaure shi da ƙyallen atamfa, kuma za ki ga busasshen taɓo a cikinsa. Wannan ya faɗa ruwa shekaru da yawa da suka wuce, ya mutu murus. Kada ki ɓata lokacinki a kansa, ya fi ƙarfin gyara. Ki ba Hamman ya dawo min da shi.

Ki gaida maigida. Na haɗo miki da ɗan bandar tarwaɗa, kada ki ce taubashinki marowaci ne.

Naki,
Inuwa

Kaduna, 21 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Inuwa, sarkin tsoron waya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Mun wayi gari lafiya, Abdulfattah yana gaisuwa, yara sun cinye bandar kafin in juya baya. Na ji labarin jikin Yaya Bunu, Allah ya ba shi sauƙi. A gaida Yaya Aisa da ƙafa.

Jaka ta iso, kuma tuni na kama aiki. Ba wani tsafi ba ne: kaset yana juyawa a cikin rakoda, waya ta ɗauki muryar ta kai kwamfuta, ni kuma in zauna in saurara daga farko har ƙarshe, domin ba a yi masa gaggawa. Kaset na awa ɗaya, awa ɗaya zai ci. Na gama bakwai daga karatun Malam Musa. Mai waƙar nan kuwa na same shi, kuma har mai shela ya kira sunansa, saboda haka ka daina ɗora wa bayin Allah.

Yanzu maganar da ta ba ni haushi. Kai Yaya Inuwa, har ka dubi idona ka ce wai kaset ya fi ƙarfin gyara? Shekarata goma sha shida ina wannan aiki. Manomin shinkafa ne zai gaya min abin da ya mutu da abin da ke da rai? To bari in koya maka. Ruwa ba ya wanke murya daga zaren kaset. Abin da ke kashe shi zafin rana ne, ko maganaɗisu, ko a yi ɗauka a kansa. Wanda ya faɗa ruwa, da tun ranar aka buɗe shi aka ɗauraye da ruwa mai tsabta aka shanya a inuwa, da ya yi magana a kwana biyu.

Naka ɗin na kwance ƙusoshinsa na buɗe. Taɓo ya bushe ya manne zaren, ga funfuna ta yi masa fari, ɗan soson da ke danne zare ma ya ruɓe. Na jiƙa shi, ina warwarewa da hannu kaɗan-kaɗan, in goge da auduga, in naɗe da biro. In na gama zan canja masa gida, in sa shi a kwanson wani sabo. Ka ba ni mako biyu. Ba zan dawo maka da shi bebe ba, ko don in ga yadda za ka yi da bakinka.

Amma gaya min, wa ke ciki? Kaset ɗin da aka yi wa ɗamara da atamfa aka ɓoye a ƙasan akwati, ko wata budurwa ce Yaya Aisa ba ta san da zamanta ba? Faɗi gaskiya, taubashiya ba ta tona asiri sai an hana ta goro.

Taka,
Mansura

Auyo, 28 ga Yuni

Mansura,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, yau ba ni da bakin wasa.

Na karanta takardarki a bakin gona. Da na zo inda kika ce da an ɗauraye shi da ya yi magana a kwana biyu, sai na zauna a kan kunyar gona. Ba ƙure ki na yi ba da na ce ya fi ƙarfin gyara. Roƙonki nake ki bar shi, ban dai iya roƙon ba.

Ba budurwa ba ce. Iya 'Yar'azumi ce a ciki, mahaifiyar Yaya Bunu, gwaggona da ta riƙe ni tun ina shekara huɗu.

Ke kina ƙarama lokacin, bari in ba ki labarin daga tushe. Yaya Bunu shi kaɗai ne ɗanta namiji. Ya ce zai bi masunta zuwa Tafkin Chadi, ita ta ce bai isa ba, ga fadama ga kogi a ƙofar gida, me zai nema a ruwan wasu? Suka yi ta ja har ranar da ya ɗauki jakarsa. A bakin zaure, a gaban mutane, ta ce masa in ya taka ƙofar nan ba ta yafe masa nonon da ya sha ba. Ya tsaya jim, ya taka, ya tafi. Shekara uku ba aike ba saƙo.

A daminar 1994 ciwo ya kwantar da ita. Ni a lokacin ina fataucin banda tsakanin Doron Baga, can bakin tafkin, da Haɗeja. Wata safiya ta sa aka aro rakodar Malam Musa, na nuna mata inda za ta danna, ta kore mu duka daga ɗakin ta sa aka ja ƙofa. Da ta gama ta yage bakin zanenta ta ɗaure kaset ɗin, ta ce, “Ka kai wa Bunu, hannu da hannu.” Ba wanda ya ji abin da ta faɗa, har ni.

A shekarar, ruwa ya yi yawa, sai da kwalekwale ake fita ƙauyenmu zuwa bakin titi. Na sa kaset ɗin a aljihun gaba. Muna cikin kacala, doguwar ciyawar ruwan nan, jirgin ya karkata, na sunkuya in tare buhuna, sai na ji tsulum. Na yi nutso na lalubo shi a cikin taɓo. Da na ɗago shi ruwa na zuba daga cikinsa baƙi ƙirin, na ce shi ke nan, maganar Iya ta wanke. Haka kowa zai ce a lokacin, mun ɗauka murya kamar tawada take.

Na isa Doro na sami Yaya Bunu a bakin ruwa cikin abokan sana'arsa. Bai tambayi kowa ba, bai ko bari na ajiye kaya ba, ya ce, “Iya ta ba ka saƙo?” Mansura, kaset ɗin yana cikin jakata. Ni ne yaron da Iya take yabo a ko'ina, wai Inuwa ko allura ka ba shi zai kai. Na ji kunyar in ce na yar da shi a ruwa. Na ce a raina, in na koma sai ta sake wani, in kawo a zuwa na gaba, ba wanda zai sani. Sai na ce, “Ba ta ce komai ba.” Ya ce, “Ka gaya mata wurina za ka zo?” Na ce na gaya mata. Ya juya ya ci gaba da ɗinkin komarsa.

Na dawo gida, kwana tara Iya ta rasu.

Sauran kin sani. Bai zo gaisuwa ba, dangi suka ce zuciyarsa dutse ce. Ni na zauna a tabarma ina karɓar ta'aziyya ana sa min albarka. Jirginsa ya nutse, ya ce bakin uwa ne. Matarsa ta rasu, ya ce bakin uwa ne. Rikici ya koro su daga tafki ya dawo da rigar jikinsa, ya ce bakin uwa ne. Shekara goma ke nan yana Haɗeja, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, bai taɓa taka ƙauyenmu ba, bai san inda kabarinta yake ba. In an yi masa magana sai ya ce wanda uwa ta kora ba ya komawa sai ta kira.

Kada ki ce don fadamar Iya na yi, wadda nake nomawa. Wallahi ba don ita ba ne. Amma na ci shinkafarta shekara talatin ba ta taɓa maƙale min a wuya ba, wannan ma abin kunya ne.

Abin da nake rarrashin kaina da shi duk shekarun nan shi ne, ai ban san abin da ke ciki ba. Wataƙila ƙarin baki ta yi masa, ruwa ya yi masa rahama. Yanzu kin ce zai yi magana. To ga roƙona. Ki saurara. In tsinuwa ce, ki goge ta, ki ƙona zaren, mu mutu da maganar ni da ke. In kuwa ba ita ba ce, ban san abin da zan ce ki yi ba.

Inuwa

Auyo, 2 ga Agusta

Mansura,

Assalamu alaikum. Da fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu nan ruwa yana ta hauhawa, shinkafa ta yi kyau in kogi ya bar mana ita. Na je duba Yaya Bunu ranar Lahadi, tarin ya ƙaru, abinci sai kunu.

Mako biyar ke nan. Duk ranar da Hamman ya dawo nakan je tasha in tsaya kamar mai jiran haihuwa, shi kuma ya ɗaga min hannu wofi tun daga nesa. Jiya har ya ce, “Malam Inuwa, ko dai ka yi wa Hajiya laifi ne?” Na yi dariyar yaƙe. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sau biyu na danna lambarki a wayar Aisa, in kashe kafin ta shiga.

Na auna shirun nan ta kowane gefe. Na ce ko zaren ya tsinke ne kina jin nauyin gaya min, bayan cika bakin da kika yi. Na ce ko tsinuwar ce kika ji, ta yi munin da ba ki iya rubutawa. In ita ce, wallahi ki faɗa, zan iya ɗauka. Ki ga irin mutumin da na zama: ina fatan uwa ta tsine wa ɗanta don ni in sami barci.

Ko kuma kin yanke cewa mutum irina bai cancanci amsa ba. In haka ne ban ga laifinki ba. Ki dai aiko da kalma ɗaya, ko zagi ne.

Inuwa

Kaduna, 10 ga Agusta

Yaya Inuwa,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba. Allah ya tsare muku shinkafa, ya ba Yaya Bunu lafiya.

Zaren ya tsinke a wuri biyu, na haɗa shi. Tun goma ga Yuli ya yi magana. Minti goma sha ɗaya ne, a gefe ɗaya, ɗayan gefen ba komai. Akwai wajen rabin minti a tsakiya inda taɓo ya cinye fuskar zaren, nan sai shuuu kawai, ba ni da yadda zan yi da shi. Sauran ya fito tas, har carar zakara ana ji.

Ka yi daidai a zato na uku, amma rabi. Makon farko haushinka ne ya hana ni ɗaukar biro. Na rubuta maka takarda biyu na yaga, domin abin da ke cikinsu ba a faɗa wa na gaba. Sauran makonnin kuwa kunyar kaina ce. Ka san da Yaya Bunu ya dawo daga tafki, ya zo nan Kaduna neman magani ya kwana biyu a gidanmu? Ni ce na hana yarana cin abinci a kwano ɗaya da shi. Na ce musu mai bakin uwa ne, kada ya shafa musu. Yana jin mu ta taga. Da zai tafi ya sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa kan kowa ba, ya bar hannunsa a aljihu. Ka ga ke nan ba kai kaɗai ne za ka amsa tambaya ba. Kai ka haƙa ramin, amma mu duka mun zuba ƙasa.

Ba zan gaya maka abin da Iya ta ce ba. Ba ni aka aiko wa ba, ni ma don aiki ya tilasta ne na ji, kuma ina neman gafarar Allah a kan haka. Ban goge ba, ban ƙona ba. Wannan ya ishe ka amsa.

A cikin kwalin nan akwai ƙaramar rediyo mai cin memori, na yi mata caji. Muryar tana ciki, ita kaɗai, jan maɓallin za ka danna. Ga kaset ɗin ma a sabon kwanso, na mayar masa da ƙyallensa. Ina iya tura wa Ummi ta waya yanzun nan, kafin ka gama karanta wannan layi ta iso Haɗeja. Abdulfattah ma haka ya ce in yi, saboda jikin tsohon. Na ƙi. Hannu da hannu aka ce, kuma ba ni aka ce wa ba. Amma ka sani, in Juma'a biyu ta wuce ban ji ka kai ba, zan tura, in kuma gaya wa Ummi daga inda ya fito.

Abu ɗaya zan tambaye ka, domin wannan ya shafe ka. A ƙarshen maganarta ta ce ya aiko mata da amsa ta hannunka. Ke nan ta jira ka. A takardarka ka ce, “Na dawo gida, kwana tara Iya ta rasu,” ka tsallake kamar mai tsallake kwata. Yaya Inuwa, da ka shiga ɗakinta ta tambaye ka, me ka ce mata?

Mansura

Auyo, 24 ga Agusta

Zuwa ga Mansura,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Abdulfattah, ki ce masa shawararsa ta fi taki tausayi, amma taki ta fi gaskiya. Mu nan kogi ya ɓalle ta gabas, rabin fadama ya tafi, ƙauye ya koma tsibiri. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi.

Na kai.

Sai da na kwana goma da kwalin a ƙarƙashin gado. Ranar Laraba na gaya wa Aisa komai. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce, “Shekara ashirin da shida ina goge akwatin nan.” Sannan ta kawo leda uku ta naɗe rediyon da kaset ɗin, ta ɗaura min a ka da ɗankwalinta. Haka na shiga kwalekwale, ƙato da ni da furfura, da ɗaurin ɗankwali. Mai jirgin ya yi ta dariya yana tambaya ko zinariya na ɗauko. Ta cikin kacalar nan dai muka bi. Ban saki kaina ba sai da na taka kwalta.

Na sami Yaya Bunu da hantsi a tsakar gida, Ummi ta shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya. Ya gane ni da tafiya, ya ce, “Inuwa, da ruwan nan?” Na ce saƙo na kawo. Ya ce na wa? Na ce na Iya.

Na so in danna maɓallin in bar Iya ta yi magana a madadina, amma na san in na yi haka na sake ɓuya ne. Sai na durƙusa na faɗa masa duka, tun daga rakodar Malam Musa har zuwa bakin ruwan Doro. Na sa masa kaset ɗin a hannu. Ya yi ta shafa ƙyallen da yatsa. Ummi ta tsaya a ƙofar madafa da ludayi a hannu. Can ya ce, “Kunna.”

Ke kin riga kin ji, amma bari in gaya miki yadda ta sauka a nan. Da farko ƙarar ƙofa, sai tarinta, sai ta ce, “Abin nan yana ji na kuwa? To. Bunu, ni ce.” Mansura, tsohon nan da ba ya iya tashi sai an kama shi, sai ga shi ya miƙe zaune, ya gyara hularsa, ya sunkuyar da kai kamar tana tsaye a kansa. Ya ce, “Na'am, Iya.”

Kin san halinta, ba ta shiga magana ta ƙofa. Sai da ta ba shi labarin jar akuyarta da ta haifi biyu, da yadda ta rataye tsohuwar komarsa a rufin ɗaki don kada gara ta ci, ta tambaye shi ko yana samun mai yi masa tuwo ko kifi kawai yake ci kamar mage. Yana amsa mata ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, “Maganar da na yi a bakin zaure, baƙin ciki ne ya yi ta, ba ni ba. Kafin ka kai tashar Haɗeja na tofar da ita. Girman kai ne ya hana ni aikowa. Nonon da ka sha halalinka ne, na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe min, uwa ma tana kuskure. Ka zo gida, Bunu, ina kiranka.”

Daga nan sai wurin da taɓo ya ci. Muka zauna muna jin shuuu. Ya ce, “Me ta ce a nan?” Na ce ba wanda ya sani, kuma ba wanda zai sani. Wannan rabin mintin ni na cinye masa shi, ba ruwa ba. Da muryar ta dawo sai ga ta tana cewa, “Ka aiko min da amsa ta hannun Inuwa. Shi ba ya yar da saƙo.”

Na taɓa shan duka a rayuwata, ban taɓa jin irin wannan ba.

Bai yi ihu ba. Hawaye kawai ke fita daga idanun nan da ba sa gani, yana bin gemunsa yana ɗiga a kan kaset ɗin. Ummi ta zo za ta karɓe kada ya jiƙe, na ce ta bar shi, an ce ruwa ba ya kashe shi. Sau uku ya sa na maimaita. A na ukun ya yi min tambayar da kika yi, kusan kalma da kalma: “Da ka koma, me ka ce mata?”

Ga amsarku, ke da shi. Da na shiga ɗakinta na same ta ta rame, an jingina ta da bango, idonta a kan hannuna tana neman kaset. Na shiga da niyyar in ce ta sake wani. Da na ga idon nan sai na kasa. Na ce, “Ya ji, Iya. Ya yi kuka. Ya ce ba ya iya magana a rakoda, amma in gaya miki yana nan tafe da zarar ruwa ya janye.” Ta ce alhamdu lillahi, ta sa aka share ɗakinsa. Kwana taran nan kullum sai ta tambaya ko ruwa ya fara ja. Ita na ba ta daɗin ƙarya ta tafi da shi, shi na bar masa ɗacin. Da na ɗauki kaset ɗin nan na nuna wa ko mai gyaran rediyo ne a kasuwar Haɗeja, da Yaya Bunu ya same ta da rai.

Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce, “Ka ce mata na yi kuka.” Na ce e. Ya shafa fuskarsa ya nuna min tafin hannunsa, ya ce, “To ga shi, wannan ka faɗi gaskiya. Ka ce mata ina tafe in ruwa ya janye.” Na ce e. Ya ce, “To kada ka mai da ni maƙaryaci a wurin uwata. Ranar da ya janye ka zo ka ɗauke ni.”

Na ce, “Yaya, ka yafe min.” Ya ce, “Matata ta mutu tana zaton bakin uwata ne ya ci ta. Ita za ka fara tambaya.” Da na tashi tafiya ya ce, “Inuwa, ban ce a'a ba. Ka kai ni tukuna.” Rediyon tana ƙirjinsa na baro shi. Na isar masa da gaisuwarki, ban faɗi maganar kwano ba, wannan saƙonki ne, ke za ki kawo.

Maƙabartarmu tana kan tudu, ruwa bai taɓa ta ba, kuma na san kabarin, kusa da tsamiya. Hanyar ce babu. Na ce a ɗauko shi a kwalekwale, Ummi ta ce malamin asibiti ya hana, ƙirjinsa ba zai ɗauki sanyin ruwa ba, sai mota ta iya shiga har ƙofar gida. Masana kogi sun ce sai ƙarshen watan gobe, in ba a ƙara sako ruwa daga sama ba. Jiya Ummi ta aiko cewa kunun ma yanzu cokali uku yake sha.

Na kafa sanda a bakin gaɓa, na yi mata tsaga da wuƙa daidai inda ruwa ya tsaya. Kullum in na idar da sallar asuba nakan je in duba. Iya ta yi wannan jiran kwana tara, ni ne na sa ta. Yau da safe ruwan ya ja da faɗin yatsa biyu.

Ki taya mu da addu'a, ki sa yara ma su yi.

Ɗan'uwanki,
Inuwa